Ƙofar da Na Haɗa wa Yaya Hamidu

Na san abin da kunka taso kuna ji a kaina. A gidan baffanku Hamidu cewa ake ni na sayar da yayana ga jandarma. A tasha kuma tsofaffin direbobi sukan ce babanku ya taɓa yin kwana bakwai a tsare, in an tambaye su dalili sai su yi shiru. Duk sadda ɗayanku ya zo mini da zancen, nakan ce ku bari sai kun girma. To, kun girma, wasunku har da 'ya'yansu, ni ne dai ban samu ƙarfin halin buɗe baki ba. Yanzu da idona ya rage, ban rarrabe jar waya da baƙa sai na sa tabarau, na ga gara in rubuta muku shi da hannuna, yadda ya faru, har da nawa laifin a ciki.

A shekarar da abin ya faru ina da rumfata ta gyaran wutar mota a bakin babbar hanya, in ka fito Malanville za ka Guéné. Metir Garba ake ce mini, wato maigidan aiki. Kamiyon da ya ƙi tashi tsakanin Kandi da Gaya, ni ake aiko wa. Gida ɗaya muke zaune dukanmu: Inna, kakarku, a ɗakin tsakiya, Yaya Hamidu da iyalinshi ta gabas, ni da innarku Hajo ta yamma. Sai kun san wane ne Hamidu a wurina kafin ku fahimci sauran. Ubanmu masunci ne, ruwa ya ci shi ina ɗan shekara biyar. Hamidu ya karɓi jirgin da tarun tun bai fara gemu ba, daga kifi ya koma albasa, daga buhu biyu har ya kai ga kamiyo nashi na kanshi da magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, kusa da kasuwa. Shi ya kai ni Parakou koyon aiki, shi ya yi mini aure. Inna ba ta faɗin sunanshi, ɗan fari ne, sai dai ta ce "Alhaji", kuma in ta faɗa har muryarta takan sauya. Ban tuna ranar da ya ce mini yi kaza na tambaye shi dalili ba.

Bayan an cire albasar farko ya aiko in same shi a magaza da kayan aikina. Na yi mamaki, don kullum rumfa ake kawo mini motar. Na tarar an shigar da kamiyon cikin shinge, an ja ƙyaure. Wani mai walda da ban sani ba, daga wani gari, ya riga ya yi nashi aikin ya tafi. Ƙarƙashin daɓen bodi, bayan kan mota, ya haɗa wani dogon akwati na ƙarfe, da ƙofa a gefe wadda in ta rufe ba ka bambance ta da sauran jikin motar. Yaya ya miƙo mini wani abu a cikin kwali, ya ce daga Cotonou ya sa anka zo mishi da shi. Beran ne na lantarki, wato sandar ƙarfe mai ɗan inji a gindinta. In ka ba ta wuta sai ta miƙe a hankali, in ka juya wayoyinta biyu sai ta koma cikin kubenta.

"So nike ƙohwag ga ta buɗe da wuta, ta ruhe da wuta," in ji shi. "Ba hannu, ba kwaɗo, ba abin da ido ka gani daga waje."

"Yaya, mi za a sa ciki?"

"Kuɗin albasa da 'yan turamen atamfa. Ka san halin hanya."

Na san halin hanya. Akwai masu tare motoci, akwai kuma turamen da ba kowa ke son duwan, wato kwastan, ta ƙirga ba, wanga ba baƙon abu ne a garinmu ba. Ban ƙara tambaya ba. Kuma in gaya muku gaskiya, aikin ya ba ni sha'awa, don ba kullum irinshi ke zuwa hannun mai gyara ba. Wahalarshi ɗaya ce: yadda za a juya wa inji wuta ba tare da mutum ya cire waya ya maida ba. Da rele biyu ake yi, irin masu ƙafa biyar. Rele ɗan akwati ne baƙi, bai kai kwalin ashana ba, in ka taɓa shi da 'yar wuta sai ya yi ƙas, ya sauya wa babbar wuta hanya. Kowace wayar beran na kai ta ga rele nata. In rele yana zaune ba a taɓa shi ba, ƙafarshi ta tsakiya, ta biyar ɗin, tana haɗa wayar da mas, wato jikin mota, inda wuta ke komawa. In ka danna maɓallin buɗewa, rele na farko ya ba tashi wayar wutar batir, wutar ta ratsa inji, ta fita ta ƙafar tsakiyar rele na biyu, sanda ta miƙe. In ka danna na rufewa, na biyu ya ba da wuta, ta fita ta na farko, sanda ta koma. Kowane ɗaya in zai yi aiki sai ɗan'uwanshi ya ba shi hanyar fita. Na sa fizibil, mai tsinkewa in wuta ta yi yawa, a bakin batir, na ɓoye maɓallan biyu ƙarƙashin kujerar direba inda sai ka sa hannu ka laluba.

Ga inda nawa laifin ya fara. Don in bi da waya zuwa gindin beran, dole na shiga cikin akwatin na kwanta rigingine. Na shige tsaf, har da sauran wuri a gefena, kwatankwacin na wani mutum. Ina ɗaure waya sai na ga haske yana shigowa ta ƙasa, ɗigo-ɗigo. Na juya kai. An huda ƙarfen da ƙananan ramuka, layi biyu a jere, daidai inda kaina yake da kuma can ƙarshen inda ƙafafuna suke. Na tsaya da filaya a hannu ina kallonsu. Turmin atamfa ba ya numfashi, ramuka ma ƙura za su shigar mishi. Wannan tunanin ya zo mini sarai, ba zan ce muku bai zo ba. Har na lissafa a raina cewa waya taku biyu da maɓalli ɗaya sun isa in sa abin buɗewa daga ciki. Amma in na sa, na nuna ke nan na san abin da za a sa a akwatin, kuma sai na fito na dubi idon Yaya na tambaye shi.

"Garba, ya yi?" Muryarshi ce daga waje.

"Ya yi, Yaya."

Na fito na kakkaɓe riga. Munka gwada, ƙofa ta fita a hankali, ta koma a hankali, ta manne ba ko tsaga. Yaya ya sa kafaɗa ya gwada ja da turawa, ko motsi. Ni kuma da alfahari na ce mishi haka beran yake, haƙoran cikinshi ba su juyawa da ƙarfin mutum, in ta rufe ƙato goma ba su buɗe ta sai da wuta. Ya dafa mini kafaɗa ya ce Parakou ba ta tafi banza ba. Kafin in tafi na kira direbanshi, Isuhu, wani mutumin Madécali mai sanyin hali, na nuna mishi relen biyu, na ce in ɗaya ya mutu kada ya sa kowane iri sai mai ƙafa biyar. Ya ce to, amma hankalinshi na kan ɗaure tanti.

Wata huɗu kamiyon yana hawa arewa yana dawowa. In na gan shi ya wuce gaban rumfata nakan sunkuyar da kai kan aikin da ke hannuna. A gida ba abin da ya sauya, sai dai Yaya ya sa anka yi wa ɗakin Inna sabon rufi.

Ranar kasuwa ce, tsakiyar bazara, irin zafin da kwano ke ƙara shi kaɗai. Ana gab da kiran azahar ɗan kabu-kabu ya tsaya gaban rumfa, Isuhu ya diro tun bai gama tsayawa ba. Ba hula a kanshi, leɓɓanshi sun yi fari.

"Metir, ƙohwa ta ƙiya."

"To, in kun sauke kaya kun komo, ka kawo motar in duba."

"Metir, ba ta jira."

"Atamfa ce ba ta jira?"

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Wataƙila ina so ya ce mini i. Sai ya kama gaban rigata da hannu biyu, babban mutum mai iyali.

"Tun hantsi sunka bar bugawa."

Ban tuna yadda na ɗauki jakar aiki ba. Na tuna dai mu uku bisa babur ɗaya, muna kutsawa cikin masu amalanke da buhunan masara, Isuhu yana magana a bayan kunnena. Tun asuba sunka shiga layin kamiyoyi na bakin gadar iyaka mai ƙetarawa Gaya, layin bai motsa ba. Da rana ta ɗaga ya ji ana bugun ƙarfe ƙarƙashinshi, ya danna maɓalli don ya ɗan sassauta ƙofar iska ta shiga, ba ta motsa ba. Ya gwada da ƙarfen taya, ta ƙiya, ga idon mutane ko'ina. Ya kira Alhaji a waya.

"Mi ya ce maka?"

"Ya ce in yi haƙuri har mu ƙetare. Ya ce kada in tara mishi jama'a."

Na ce ya sake faɗi. Ya sake faɗi.

Kamiyon yana tsakiyar layi, mota gaba, mota baya, ba inuwa ko ta kara. Na dafa ƙofar kan mota sai da tafina ya ƙuna. Na kwanta ƙarƙashin kujera na danna maɓallin buɗewa. Ƙas, rele ya amsa, inji shiru. Na sake. Ƙas, shiru. Na fizge na farko, lafiyarshi lau. Na fizge na biyu, na juya shi a tafina. Ƙafa huɗu. Ta tsakiya babu.

"Wa ya sa wanga?"

"Ni ne, Metir. Da asuba, da sunka shiga, na danna ta ƙi ruhewa. Sai na ciro na hon na sa. Ta ruhe lahiya lau."

Dole ta rufe. Wurin rufewa shi ne mai ba da wuta, ƙafa huɗu sun ishe shi. Wurin buɗewa ne ake bukatar ya ba wuta hanyar fita, shi kuwa ba shi da ƙafar. Abin da ya tsare ƙofar tun safe ke nan, ɗan ƙarfen da bai kai farce ba. Akwai mai ƙafa biyar a jakata. Garin sauri ya suɓuce mini ya faɗa bayan kujera, na laluba cikin ƙura da ɓawon gyaɗa na ciro shi, na cusa. Na ce wa Isuhu ya danna kada ya saki, na zagaya gefen motar da gudu. Na ji inji ya ɗauka. Ni na zaɓi wurin da zan ɗaura beran ɗin don ƙofa ta riƙa fita a hankali ba ƙara, ga shi ina tsaye ina kallonta tana fita a hankali, ba yadda zan yi in gaggauta ta. Na sa yatsu a tsagar ina ja, alhali na fi kowa sanin ja ba ya ƙara mata komai.

Iska ce ta fara fitowa, mai zafi kamar daga bakin tanderu, da wani wari. Sannan na ga ƙafa, da takalmin roba shuɗi. Mata biyu ne, kwance kai da ƙafa, ba wadda ta kai shekara ashirin da biyar. Na ji wani yana ihu yana salati, sai daga baya anka gaya mini ni ne. Direbobi sunka taru, munka jawo su munka shimfiɗe ƙarƙashin motar gaba. Wata mai sayar da ruwan sanyi ta juye musu duk abin da ke cikin robarta, tana kuka tana magana da Dendanci. Ɗaya ta yi tari, ta ja numfashi da wata irin ƙara, ta buɗe ido ba ta ganin kowa. Ɗayar munka yi ta zuba mata ruwa, munka yi ta fifita, wani tsohon direba ya sa kunne a ƙirjinta ya daɗe, sannan ya cire rawaninshi ya rufe mata fuska. Na ga yatsunta. Duk faratanta sun kakkarye, a bakin ramukan nan ta yi ta ƙoƙarin faɗaɗa su. Sadda jandarma sunka iso, Isuhu na zaune a ƙasa ya miƙa hannuwanshi gaba tun ba a ce ya miƙa ba, ni kuma ina tsaye da rele mai ƙafa huɗu a hannuna, na ƙanƙame shi har ya shata mini tafi.

A birgad, ofishin jandarma inda anka tsare mu, kwamanda ya tambaye ni wa ya haɗa wutar ƙofar. Na ce ni ne. Ya ce wa ya sa ni. Na ƙi faɗin suna. Bai daka mini tsawa ba, ya ce in koma in yi tunani. A nan na ji cewa matan 'yan'uwan juna ne, daga can kudu mai nisa, ba su da takardu, wani ya yi musu alkawarin aikin gida a ƙasashen arewa, kuma ba su ne na farko da sunka kwanta a akwatin ba. Na kuma ji abin da Yaya ya faɗa da anka kira shi: shi motar kawai ya sani, ya damƙa wa direba, bai san an yi mata wani akwati ba.

Rana ta uku Inna ta zo da kanta, ita da ba ta fita ko biki. Ta ajiye kwanon tuwon shinkafa tsakaninmu, ba ta bari na gama gaishe ta ba.

"Za ka ce direba ya kawo maka aikin."

"Inna, ba shi ya kawo ba."

"Na tambaye ka wa ya kawo? Ranar da ruwa ya ci ubanku, wa ya ɗauke ka bisa wuya daga bakin gulbi har gida? Wanda ya mutu ya mutu, Allah shi jiƙan shi. Kai kuma kana so ka kashe mini mai rai."

"Mace ce, Inna. Yarinya ce."

"Ban san ta ba. Alhaji na sani."

Ta tashi ta bar kwanon. Innarku ta zo washegari da tufafi. Ita ba ta ce mini yi ko bari ba. Tana ninke rigar da na cire ta ce matar Isuhu ta zo gida daga Madécali da tsohon ciki, ta durƙusa tsakar gida tana roƙon Alhaji, ba wanda ya ba ta ko tabarma.

"Ni na ba ta," in ji ta. "Na kuma ba ta hura. In laihi ne, ka sani na yi."

Duk da haka ban buɗe baki ba. Kada ku ɗauka babanku jarumi ne. Kwana shida ina juya maganar Inna, ina gaya wa kaina Isuhu ma ai ya san abin da ya ɗauko, shi ya sa rele mara kyau, in ya ɗauki duka ba a zalunce shi sosai ba. Har na shirya yadda zan jera ƙaryar.

Rana ta bakwai da hantsi anka fito da mu ofishin kwamanda, ni da Isuhu. Anka shigo da yarinyar da ta rayu, daga asibiti, wata ma'aikaciya na riƙe da ita, da wani tafinta mai jin harshensu. Afi sunanta. Kwamanda yana so ta nuna waɗanda ta sani. Ta nuna Isuhu ba tare da ta dube shi sosai ba. Da idonta ya sauka kaina sai ta saki hannun ma'aikaciyar, ta tako da ƙyar, ta durƙusa gabana ta kama ƙafafuna biyu. Tana magana tana kuka. Na dubi mai fassarar.

"Cewa take kai ne ka buɗe. Ta ce fuskarka ta fara gani. Ta ce Allah shi saka maka, shi raya maka ɗiyanka."

Na sha jin zagi a rayuwata, ban taɓa jin abin da ya tsaga ni kamar wannan godiyar ba. Na ja ƙafafuna baya, ta sake matsowa.

"Gaya mata ni na yi ƙohwar," na ce wa tafinta.

Ya dubi kwamanda, ya dube ni.

"Gaya mata. Ni na haɗa wutar. Na kwanta a ciki kahin su, na ga ramukan, ban sa musu abin buɗewa ba."

Ya gaya mata. Na ga sadda maganar ta isa gare ta. Hannuwanta sunka saki ƙafata a hankali, ta dube su, ta goge su a zanenta. Ba ta yi ihu ba, ba ta tofa mini miyau ba. Ta miƙe ta koma bayan ma'aikaciyar ta tsaya, ba ta sake kallon inda nike ba. Ni kuma na juya wurin kwamanda na faɗi komai, tun daga ranar da anka kira ni magaza har maganar da Yaya ya yi wa Isuhu a waya. Na faɗi sunanshi da bakina, cikakke, ina ji kamar wani ne ke magana.

Kotun Kandi ta ɗaure Yaya shekaru masu yawa, Isuhu ƙasa da haka, ni anka yi mini ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Ranar da na koma gida na tarar da tukwanen innarku da katifarmu a ƙofar gida, a rana. Inna na zaune a zaure. Ta ce ɗa ɗaya gare ta, shi ma an ɗauke mata. Munka kama ɗaki biyu can wajen fadamar shinkafa, inda anka haifi uku daga cikinku. 'Yan kasuwa sunka daina kawo mini motocinsu, wai ba a sakin jiki da mai gyaran da ke da baki. Wasu kuma, waɗanda sunka ga abin da anka fitar daga akwatin, ba su amsa mini sallama don dalilin da ya saɓa wa wancan. Na rufe rumfa. Shekara da shekaru ina bin gonaki a bisa babur har Madécali ina gyaran injin ban ruwa, shi ya sa kunka taso kuna ganina da taɓo a ƙafa maimakon baƙin mai.

Inna ba ta sake yi mini magana ba sai a ciwonta na ƙarshe. Hajo ce ke zuwa jinyarta, ni ina tsayawa a waje. Wata rana da la'asar ta ce a shigo da ni in tada ta zaune. Na tallafe ta na ba ta ruwa, ta sha, ta ce na rame. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma ban roƙi fiye da haka ba. Yaya ya riga ya fito lokacin, ya tsufa fiye da shekarunshi. A jana'izarta munka tsaya sahu ɗaya, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Da anka watse ya ce ya ji ina gyaran injin ban ruwa yanzu, na ce i, ya ce Allah shi taimaka. Har ya rasu ba mu wuce haka ba. Ku riƙa gaida 'ya'yanshi, ku je musu biki da ta'aziyya ko ba su zo muku ba. Ba su san komai ba, kuma ubansu ya ciyar da ni tun ban san hannun damana ba. Wannan ma gaskiya ce, ban yarda ku zubar da ita ba.

Sauran abu ɗaya, wanda ko innarku sai da anka daɗe ta sani. Yarinyar da ta rasu sunanta Yawa. Ba a iya kai gawarta garinsu ba, sai anka binne ta a maƙabartar Kirista da ke bayan gari, Afi kuma anka maida ta gida, ban sake jin labarinta ba. Ba wanda ya taɓa zuwa neman kabarin. Tun shekarar, duk ƙarshen damina nakan je in nome ciyawar da ta rufe shi, in gyara ɗan ƙarfen da anka kafa da sunanta. Mai gadin wurin ya daɗe yana kallona, ni tsoho da hula da carbi a cikin kaburburan Kirista, har wata shekara ya tambaye ni ko ɗiyata ce. Na sunkuya na ci gaba da noma.

Bara da ƙyar na iya miƙewa bayan na durƙusa, bana ban jin gwiwoyina za su kai ni. Ban san addu'ar da ake yi wa irinsu ba, ban kuma ce ku yi wata ba. Ciyawar dai nike roƙonku. In kun shiga ta ƙofar gabas, layi na uku ne, kusa da gindin tsamiya. Ku tafi da fartanya mai kauri, ƙasar wurin tauri gare ta.